Tsiro mai rai ko na roba a tankin kifi: abin da na gani a wata bakwai

Wata bakwai ke nan da na ajiye tankin kifi mai cin lita 100 a falona a Unguwar Rimi, Kaduna, saboda autata da ta dame ni da maganar kifin ado. Kifi biyu na sa, golfish masu doguwar jela. Ranar da na sayi tankin a wani shago a cikin gari, mai shagon ya haɗa mini da ganyen roba guda huɗu da wani ɗan gidan sarauta na ado mai fentin ja da ruwan gwal. Ya ce, "Alhaji, wannan ba ruwanka da wahala, ba ya mutuwa, ba ya buƙatar hasken wuta." Da gaskiyarsa ta nan. Sai dai akwai abin da bai faɗa ba.

Kwana goma sha biyu da sa kayan, yarinyar ta tashe ni bayan asuba tana kuka: "Abba, jelar farin ta yage." Na zo na duba, wallahi jelar ta tsage gida uku kamar tsumma. Na ɗauka ɗan'uwansa ne ya cije shi, har na raba su a bokiti. Da na sa hannu zan ciro ganyen in wanke, sai gefensa ya karce ni a yatsa. Robar mai tauri ce, inda aka haɗa ta a masana'anta akwai kaifi kamar bakin gwangwani, kuma ta tsakanin ganyen nan kifin yake bi kullum in yana neman abinci. Na ɗauko wani siririn mayafin uwargida na goga a jiki, nan take ya zare zare. Abin da ya ja zaren mayafi ai ba zai bar jelar kifi ba. Gidan adon ma da na ɗaga shi, fentin ƙasansa ya fara ɓarewa yana zuba cikin tsakuwa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don kuɗin kayan nan kun san ba kaɗan ba ne. Mako uku na yi ina canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk kwana biyu, da ruwan famfo da na bari ya kwana a buɗe saboda kulorin, maganin da ake sa wa ruwan famfo, ya fita, kafin jelar ta fara haɗewa. Har yau akwai tabo a gefe guda. Na koma shagon da robar a leda, mutumin ya ce shi bai taɓa jin an kawo ƙara ba. Bai karɓa ba, bai kuma ba ni haƙuri ba.

Daga nan na koma tsiro mai rai, na saya a wurin wani matashi da ke tallarsu a WhatsApp, ya kawo mini har gida daga Barnawa. Kala uku ya kawo. Wanda ya burge ni shi ne anubiyas, mai kaurin ganye kore shar. Asalinsa ma na nan yankinmu ne, a bakin rafukan dajin kudancin Najeriya da Kamaru yake fitowa, a inuwa, shi ya sa ba ya neman haske mai yawa. Ba a binne saiwarsa mai kauri a tsakuwa, ruɓewa take yi. Da zare na ɗaure shi a jikin dutse, cikin wata guda ya kama da kansa. Ganye ɗaya yake fitarwa a 'yan makonni, amma kifin sun yi ta gwada cin sa sun haƙura. Ruwan ya daina saurin yin wari, gansakukar da ke rufe gilashi ta ragu, domin tsiron yana shan wani abu daga dattin da kashin kifi ke bari a ruwa. A lokacin da an tambaye ni, cewa zan yi kowa ya zubar da roba.

To amma shi ma matashin ya yi mini ba daidai ba. Na gaya masa golfish gare ni, ya sayar mini da balisneriya, mai dogon ganye kamar ciyawa. Kifin nan haƙa tsakuwa ne aikinsu, kwana huɗu suka tumɓuke ta, suka cinye rabi. Na ukun kuwa, mai ratsin fari, ashe ba tsiron cikin ruwa ba ne sam, irin furen tukunya ne da ake ajiyewa a ofis. Wata ɗaya ya yi ya narke, ya toshe mini filtar da ke tace ruwan. Na kira shi, ya ce wai ruwana ne ba kyau.

Sai kuma zafin watan Afrilu. Wani dare aka ɗauke wuta tun magariba, injin da ke hura iska a cikin ruwan ya tsaya. Tsiro da rana yake ba da iskar shaƙa, da dare kuwa shi ma sha yake yi, ga ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai. Ƙarfe uku na dare na tarar da kifin a saman ruwa suna buɗe baki. Da kofi na yi ta ɗiban ruwan ina kwararawa har aka yi kiran sallah. Washegari na sayi ƙaramin injin iska mai caji.

Na gwada kainuwa ma, wadda wani maƙwabci ya ɗebo mini daga kududdufi wajen Kawo. Mako biyu na tsare ta a bokiti dabam don kada ta shigo da cuta. Ta yi kyau a saman ruwa, amma kifin suka cinye jijiyoyinta tas.

Yanzu abin da ke cikin tankin anubiyas ne guda biyar da duwatsu masu santsi da na tafasa kafin in sa. Robar tana cikin leda a sito, na hana a ba kowa. Matashin nan kuwa zan ƙara sayen anubiyas a wurinsa, don nasa lafiyayye ne, amma ba zan sake karɓar wani tsiro daga hannunsa ba sai ya faɗa mini sunansa na bincika da kaina.