Na kama haya a Jamus, na tarar da kicin wayam

Ranar da aka ba mu makullin gidan da muka kama haya a Frankfurt, kicin na fara leƙawa. Wayam! Ba kabad, ba wurin wanke-wanke, ba murhu, sai bututun ruwa da wayoyin wuta sun leƙo daga bango. Na tambayi mai gidan ko ɓarayi ne suka shiga. Ya yi dariya har da riƙe ciki a gaban maigidana da yara, ya ce wanda ya tashi ya tafi da kicin ɗinsa. Raina ya sosu ƙwarai. Ashe haka da yawa daga cikin gidajen hayarsu suke, kowa da kicin ɗinsa kamar yadda amarya ke zuwa da kayan ɗakinta. Sati shida ina girki a durƙushe kan ƙaramin risho na lantarki, ina wanke tukwane a banɗaki, kafin layin masu haɗa kicin ya zo kanmu.

Yaya, tunda kin ce gininki na Tumfure a Gombe ya kai kicin, bari in faɗa miki abin da wahalar nan ta koya mini. Ƙirar kabad iri biyu ce. Akwai mai firam, wadda ake kafa katako a bakin akwatin sannan a rataya ƙofa a jikinsa. Ita Amurkawa suka fi sabawa da ita, kuma kusan ita kafintocinmu ke yi idan an zuba kankare an sa tayil. Tana da ƙarfi, amma firam ɗin yana cin bakin, babbar tukunyar tuwo sai an karkata ta. Ta nan Turai ba firam, ƙofa ce ke rufe gaban gaba ɗaya, durowa ta fito har ƙarshenta.

Abin da ya fi burge ni shi ne awo. Faɗin akwati ƙayyadadde ne, kamar santimita 40, 60 ko 80, tanda da injin wanke kwanuka yawanci 60, ramukan ciki da ake ɗaura hinji da kanta tazarar milimita 32. Da ƙofa ɗaya ta zo a karce, wata aka kawo, ta zauna daram. Hinjin ma da sukundireba ake daidaita shi. Na tuna kafintan da ya yi mana aiki a Jekadafari, ya auna da ido ya ce "Hajiya, ba matsala", ƙofofi huɗu ba wadda ta yi daidai da 'yar uwarta. Wallahi ba hannu muka rasa ba, tef ɗin awo muke rainawa.

Sai dai kada ƙyalli ya ruɗe ki. Yawancin akwatunan nan, har na IKEA, babban kamfanin kayan ɗaki, garin katako ne aka matse da gam. Ruwa ya samu gefensa, sai ya kumbura kamar burodi. Su suna ɗora shi kan ƙafafun roba, kuma goge ƙasa suke yi da tsumma. Mu kuwa bokiti muke kwarawa mu bi da tsintsiya, ga gara, ga laimar damina, ga hunturu mai tsaga katako. Amma sai mu ga hoto a Instagram mu ce lallai irinsa, don 'yan ganin gida su yaba, damina biyu ƙasan wurin wanke-wanke ya ruɓe.

Ni dai a ƙasa kankare zan zuba, ƙofofin su zama na alminiyom ko katako na gaske. Na sama, inda ruwa ba ya kaiwa, a yi marar firam da filawud mai kauri, ki tsaya a kan kafintan ya auna komai. Kabad ɗin Inna na maɗaci da muka taso muka gani, yana nan a ɗakinta? Ki ɗauko min hotonsa, har da kwanonin da ke ciki.