Kundin waƙoƙin Ingila na ƙarni na 17: an yi mini ƙwange a inda na fi buƙata

Na yi odar kundin nan ne daga wajen wani mai tallar littattafai a WhatsApp, kun dai san irin kuɗin da suke yanka wa mutum yanzu. Da ya iso, bango mai ƙwari, rubutu raɗau, har na sa masa albarka.

Waƙa ɗaya ce ta sa na saye shi, wadda mawaƙi Andrew Marvell ya yi wa Oliver Cromwell, jagoran sojojin majalisa da suka kifar da sarautar Ingila, a 1650, bayan ya dawo daga yaƙin Ayalan yana shirin afka wa Sikotilan. Ana cikin yabon gwarzon da ya yi nasara, sai Marvell ya tsaya ya zayyana yadda Sarki Charles na I ya hau dandamalin kisa a Whitehall da ke Landan ranar 30 ga Janairu 1649, bai yi raki ba, bai zubar da girmansa ba, ya miƙa wuya cikin natsuwa. Shi ya sa har gobe ake gardama, yabo ne tsantsa ko kuwa zambo cikin yabo. Wannan wurin nake nema. Na buɗe, babu shi! Lambar shafi ta yi tsalle, ina farkon waƙar Cromwell sai ga ni a tsakiyar wata waƙa kan lambu. Wajen ɗinki aka zubar da ƙullin takardu guda.

Abin haushi da dariya, waƙar nan dama ta saba da almakashi. Da aka buga waƙoƙin Marvell a 1681, bayan rasuwarsa da shekara 3, an zare ta daga kusan duk kwafin saboda sarauta ta dawo, yabon Cromwell ya zama jangwam. Su dai tsoro ne ya sa su, ni kuwa ganganci ne kawai aka yi mini. Na kira mai littattafan, wai in leƙa intanet ai waƙar tana nan kyauta. To in a waya zan karanta, me ya kai ni ba ka kuɗina?

Tsakani da Allah, sauran littafin ya yi. An jera waƙar da John Dryden ya yi ta jimamin Cromwell, wadda ta fito a 1659, kusa da wadda ya yi wa Sarki Charles na II, ɗan wanda aka kashe, maraba a 1660, mutum ya ga sauya sheƙa ƙiri-ƙiri. Bayanan ƙasan shafi kuma su suka warware mini waƙar Dryden mai suna Absalom and Achitophel ta 1681: Absalom shi ne Duke na Monmouth, ɗan sarki da aka haifa ba ta hanyar aure ba, Achitophel kuma Earl na Shaftesbury ne, babban ɗan siyasa mai zuga shi ya nemi gadon sarauta don a hana James ƙanin sarki saboda shi ɗan Katolika ne. Ba don bayanan ba, da na ɗauka labarin Baibul kawai ake maimaitawa.

Har na so in ba shi tauraro 4 saboda wannan. Amma ta yaya za ka gane Dryden na 1659 alhali an ɓoye maka abin da Marvell ya faɗa kan Cromwell tun yana raye? Tauraro 2, ba ƙari. Saƙona na neman canji kuwa mai littattafan ya karanta, har yanzu bai ce uffan ba.