Audugar ciyawar teku a kan gyambon ƙafar Baba

Duk mai jinyar mai ciwon suga a gida ya san wahalar canza bandeji. Audugar da muka saba da ita takan manne da gyambo, kana ja jini na biyowa, ɗan sabon naman da ya fara tsirowa ya tafi tare da ita. Haka muka yi ta fama da diddigen Baba a gidanmu da ke Shara Mansur a Makka, har nas ɗin da ke duba shi ta rubuta mana audugar alginate, na sayo a saidaliyyar unguwa, wato kantin magani.

A ido ba ta da wani kwarjini, farin ƙyalle ne mai laushi. Amma daga ciyawar teku mai ruwan ƙasa ake tace sinadarinta, wanda wani Bature ɗan Birtaniya, Stanford, ya fara fitarwa a 1881. Idan ta haɗu da ruwan gyambo, sai kalsiyam ɗin jikinta ya yi musaya da gishirin ruwan, ta zama abu mai yauƙi kamar miyar kuɓewa. Ranar farko ƙanwata ta tsorata, ta ce, "Yaya, mugunya ce!" Nas ta ce a'a, aikinta ke nan. A zuba ruwan gishiri na asibiti, ta sulluɓe da kanta. Baba da ke damƙe gefen katifa kullum, ranar carbinsa kawai yake ja.

Shi ya sa ban yi mamaki ba da na ji masana na gina irin wannan sinadari ya zama madafar da ƙwayoyin halitta za su kama su yi tsiro. A Aisland ma, kamfanin Kerecis fatar kifin kod yake sarrafawa ana shimfiɗa wa masu gyambo.

Sai dai a kiyaye. Audugar alginate ta gyambo mai ruwa ce. A kan busasshe za ta ƙara busar da shi. Ba ta da gam, dole a ɗora wani bandeji a kanta, kuɗi biyu ke nan, ga shi riyal ba ya zama a hannun mai jinya. Tana ɗan ƙarni idan ta jiƙe. Kuma ba ta sauke suga, ba ta hana taka ƙafa, waɗannan biyun kuwa su ne rigimarmu da Baba, mutumin da bai yarda sallar jam'i ta wuce shi ba.

Zan sake saya. Amma 'yan uwa, a bari likita ya ga gyambon tukuna, musamman in ya yi baƙi ko yana wari.