Gargaɗi ga masu neman na'urar sanyaya man inji ta motar tsere

Assalamu alaikum. Ina rubuta wannan gargaɗi ne ga masu motocin tsere da makanikan da ke kula da su, game da wani mai sayar da kayan gyara ta intanet wanda ke tallata na'urar sanyaya man inji, wadda a gareji ake kira oyil kula, yana cewa sabuwa ce ta asali, alhali tsohuwa ce da aka kwance daga injin da ya buga, aka wanke bayanta aka fesa mata fenti. Na saya a hannunsa, kuma ba don makanikena ya dage sai an gwada ta kafin a ɗaura ba, da injina na rasa gaba ɗaya.

Motata BMW E36 ce mai injin M52, wadda na daɗe ina gyarawa domin tsere. Wanda ya san wannan harka ya san cewa lagireto ruwa kawai take sanyayawa, shi kuwa man inji yana ɗaukar zafinsa daban, musamman idan aka daɗe ana taka mota da ƙarfi. Man yana aikinsa daidai idan zafinsa bai wuce digiri 90 zuwa 110 ba, amma idan ya haura 130 sai ya tsinke, ƙarfin tafiyarsa ya ragu, ƙarfe ya fara gogar ƙarfe. A Kano, inda zafin rana ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, da wuya motar tsere ta jure aiki ba tare da wannan na'ura ba. Tawa dutse ne ya huda ta, na zagaya kasuwar Kofar Ruwa ban samu irin girmanta mai layi 19 na hanyoyin da mai ke bi ba, domin ba kaya ba ne da ake yawan tambaya, sai na koma nema a Facebook.

A can na ci karo da tallar mutumin. Ya saka hotuna masu kyau na na'urar Setrab, wadda wani kamfanin ƙasar Suwidin ke ƙerawa kuma sananniya ce a wurin masu tsere, ya ce ya shigo da ita ne domin motarsa amma ya fasa, ya kuma sa mata kuɗin da bai kai rabin farashin sabuwa ba. Muka koma WhatsApp. Bakinsa da daɗi, kowace magana sai ya ce "ranka ya daɗe", ya rantse cewa ko kwalinta ba a buɗe ba, sannan ya ce akwai wani da ke jira, in ban ba da kafin alƙalami a ranar ba zai sayar masa.

Akwai alamomin da na gani tun a lokacin, kuma ya kamata a ce sun tsayar da ni. Da na nemi ya kira ni ta bidiyo in ga kayan a hannunsa, sai ya ce kyamarar wayarsa ta lalace. Lambar asusun da ya turo tana ɗauke da wani suna dabam, ya ce na ƙaninsa ne. Mafi girma duka, da na tambaye shi yadda za ta haɗu da injina, sai ya ce zai haɗa mini da faifan da ake sawa tsakanin filta da inji, wai yana shiga kowace mota. Wannan ba gaskiya ba ne. Wancan faifai na injunan da filtarsu ta gwangwani ce ake murɗawa, shi kuwa M52 filtarsa ta takarda ce da ke zama cikin gidanta mai murfi, saboda haka mahaɗi na dabam ake sa masa. Mutumin da ya ce ya sayi kayan ne domin motar tsere ba zai jahilci wannan bambanci ba.

Duk da haka na biya rabi, ya sa kayan a motar haya, na karɓa a tasha na cika masa ragowar. A nan ne damfarar tasa ta fi haɗari a kan ta wanda ke karɓar kuɗi ya kashe waya, domin wanda kaya ya iso hannunsa yakan saki jiki, ya ɗauka ciniki ya faɗa lafiya.

Makanikena bai yarda a ɗaura ba. Ya ce mini, "Alhaji, wannan fentin bai daɗe da bushewa ba, bari mu ga cikinta tukuna." Ya toshe baki ɗaya, ya hura mata iska ta ɗayan, ya nutsa ta cikin bahon ruwa, nan take kumfa ta fara tashi daga gefe. Da ya kankare wurin sai ga tsohuwar walda an shafe ta da gam an bi da fenti. Wannan kaɗai ya isa, domin da sanyin safiya, lokacin da mai ke da kauri, ƙarfin da ke bi ta cikin na'urar yana da yawa, kuma irin wannan faci yana iya ɓallewa ana cikin gudu, man ya zube a kan taya ko a kan salansa mai zafi, abin da ke iya jawo hatsari ko gobara.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gwaji na biyu. Ya zuba mata kananzir ya girgiza, ya tace a farin ƙyalle, sai ga ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli, wani fari wani launin tagulla. Wannan shaida ce cewa daga injin da ya buga aka ciro ta. Hanyoyin da mai ke bi a cikin irin wannan na'ura matsattsu ne ƙwarai, ɓarɓashi yana maƙalewa a lungunansu, wanki ba ya fitar da shi duka, sai mai ya yi zafi mota tana jijjiga sannan ya riƙa sakowa kaɗan-kaɗan cikin sabon inji. Shi ya sa masu haɗa injunan tsere ke jefar da na'urar da ta zauna a injin da ya buga. Hatta mahaɗan tiyon da mai kayan ya haɗo da su ba daidai ba ne. Ya kira su AN-10, wato sunan wani nau'i da girman mahaɗin tiyo, amma bakin AN na gaskiya karkatarsa digiri 37 ce, nasa kuwa masu digiri 45 ne, waɗanda ba sa zama daidai da juna, kuma yoyo suke yi komai ƙarfin ɗauri.

Na tura masa hotuna da bidiyon gwajin. Da farko ya ce direba ne ya buga kayan a hanya, daga baya ya ce makanikena ne ya musanya, a ƙarshe ya toshe lambata.

Duk mai neman wannan na'ura ya nemi kiran bidiyo, ya sa mai kayan ya haska fitila cikin bakunanta biyu, domin sabuwa ba ta da baƙin mai ko warinsa. Ya tambayi yawan layinta da girman mahaɗanta, ya kuma ƙi tura kuɗi asusun da sunansa ya saɓa da na mai tallar. Idan kayan a wani gari yake, a tura amintacce ya duba, a kuma yi sharaɗi a rubuce cewa ba za a cika kuɗi ba sai an yi gwajin iska da na ƙyalle. Wanda aka riga aka cuta ya adana rasit da saƙonni, ya sanar da bankinsa a ranar, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar EFCC, domin karɓar kuɗi ta hanyar yaudara laifi ne a ƙarƙashin dokar damfara ta 2006.

Ni na kai tawa ƙarar, motar kuma tana ajiye a gareji har sai na samu ta asali. Makon jiya na sake ganin hotunan nan guda, da kalmomin tallar nan guda, a wani sabon shafi mai sabon suna da sabuwar lambar waya, kuma har wasu sun fara tambayar farashi a ƙarƙashinsa.