Faifan birki na kamfani ko mai huji: wanda za ka sa wa Camry ɗinka

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya wane faifan birki za ka saya. A cikin biyun da mai kaya ya ajiye maka don Camry ɗinka ta 2008, wato faifan birki irin wanda mota ta zo da shi, da mai huji da tsaga da ya ce na tsere ne, ɗauki na farko. Canjin da ya rage ka zuba shi a fad mai kyau (abin da ke matse faifan in ka taka birki) da sabon man birki. Shekara shida ke nan ina hawan irin motarka, kuma duka biyun sun zauna a ƙafarta, saboda haka ba labari aka ba ni ba.

Wanda ke kan motata yanzu faifai ne marar huji, na zubin ƙarfe, mai hanyar iska a tsakanin fuskokinsa biyu. Na haɗa shi da fad na Akebono, ɗaya daga cikin kamfanonin Japan da ke yi wa Toyota kayan birki tun daga masana'anta. Da su na sauko Hawan Kibo bara da damina, daga Jos za mu Akwanga ɗaurin aure. Mota maƙil: ni, maiɗakina, yara uku, ga buhun dankali biyu a but. Ana tsuga ruwa, ga tirela a gabana tana jan jiki, ba damar wucewa. Na sauke giya zuwa 3, daga baya zuwa 2, ina taka birki ina saki. Tun daga sama har ƙasa, yadda ya kama a takun farko haka ya kama a na ƙarshe. Bai yi laushi a ƙafata ba, bai yi ƙara ba, sitiyari bai girgiza ba. Da muka sauka na tsaya na kai hannu kusa da rim, zafi kamar bakin murhu, amma ko ƙauri babu. Maiɗakina, wadda bakinta bai bar addu'a ba tun da muka fara gangara, ta ce yau motar nan ta sa hankalinta ya kwanta. Fad ɗin nan ya haura kilomita 40,000 yanzu, da sauran namansa, kuma rim ba ya baƙi da toka kamar da.

Mai hujin kuwa, yana da kyau a ido, kuma cikin ruwan sama takun farko yana ɗan kamawa da wuri. Iyakar alherin da na gani ke nan.

Na saya shekara uku da suka wuce, kusan ninki biyu na kuɗin na kamfani, kuma har yau ina jin ciwon kuɗin. Ƙurar hunturu da lakar unguwarmu suka toshe ramukan cikin makonni. Tsagar kuma tana kankare fad kamar wuƙa, wanda ya saba kai ni shekara biyu bai rufa shekara ba. Abin da ya sa na cire shi gaba ɗaya shi ne ranar da bakanike ya haska mini fitila ya nuna mini 'yan tsage-tsage kamar gashi suna fitowa daga bakin ramukan. Dalilin a fili yake. Aikin faifai shi ne ya shanye zafi ya watsar, to duk ramin da aka huda an rage masa ƙarfe ne, kuma an bar wurin da zai fara tsagewa in ya yi zafi ya huce, ya yi zafi ya huce. Asalin hujin an yi shi ne don fad na zamanin da, wanda in ya ɗau zafi yake fitar da hayaƙi tsakaninsa da faifai. Fad na yanzu ya kusa rabuwa da wannan matsalar. Wanda kake gani a ƙafar Porsche tun a zane aka tsara shi da ramukansa, ga girma ga kauri. Mai arahar da ke yawo a shaguna galibi faifai ne na gama-gari aka bi shi da injin huji.

Kuma ka riƙe wannan: taya ce ke tsayar da mota a kan kwalta. In ka taka da ƙarfi har ABS, na'urar da ke hana taya kullewa, ya fara bugun ƙafarka, to birkin ya riga ya fi ƙarfin riƙon tayar, ko wane faifai ka sa ba zai rage maka taku ɗaya ba. Inda babban birki ke nuna kansa shi ne a taka a sake takawa sau goma a jere daga gudu mai yawa, kamar a filin tsere. Kai kuwa kai yara makaranta ne, da ofis, da Kano zuwa Kaduna lokaci-lokaci. Shi ma fad ɗin tseren na gaske sai ya ɗau zafi yake kamawa sosai. Da sanyin safiya, a mahaɗar farko inda mai a-daidaita zai faɗo maka, a nan ne zai ba ka kunya.

In dai kana son ƙari a kan na kamfani, a fad za ka neme shi. Na seramik shiru ne, tokarsa kaɗan, ba ya cin faifai sosai, shi nake ba ka shawara. Mai garin ƙarfe a ciki ya fi jure zafi, sai dai ƙara da baƙar toka, wannan na mai Sienna ko Hiace ne da kullum yake hawa da sauka da lodi. Duba gefen fad ɗin, sau da yawa za ka ga haruffa biyu kamar FF ko GG. Na farko ƙarfin kamunsa ne da sanyi, na biyu da zafi, G ya fi F, F ya fi E. FF ya ishe ka. In ka ga FE, ma'ana yana raguwa in ya yi zafi, bar musu.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa, don a nan ake cutar mutane. Kwali ba shaida ba ne. Akwai masu buga kwalin Toyota da na Brembo da na Bosch su zuba jabu a ciki, har tambarin R90 na ƙa'idar Turai suna kwaikwaya. Ka buɗe a gabansa. Jabu ba shi da nauyi, fentinsa kaca-kaca, za ka ga gam ya tsattsafo tsakanin naman da ƙarfen baya, lambobin kuma hannu yana goge su. Wasu ma tsohon fad suke wankewa su fesa masa fenti. Na Beljiyam kuma, ana kai faifan da ya ƙare wajen mai injin sassaƙa ƙarfe a goge shi ya yi ƙyalli a ce sabon shigowa ne. Na gaban motarka faɗinsa milimita 296, kaurinsa sabo 28, kuma a jikinsa an rubuta MIN TH 25. Duk wanda ya kai 25 ya gama aiki, komai ƙyallinsa. Ka tafi da ma'auni, kuma ka je da ƙafarka. Kada ka ba yaron gareji kuɗi ya sayo, saboda akwai masu la'ada tsakaninsu da shago, kuɗin orijina za ka biya a kawo maka wani abu daban.

Man birki kuma, mutane da yawa ba sa canza shi sai dai ciko. Yana shan danshi daga iska. Wanda aka rubuta wa DOT 3 a jikin robarsa, sabo sai ya kai digiri 205 yake tafasa, in ya sha ruwa yana saukowa wajen 140, kuma tafasar nan tana cikin abin da ke sa a ce birki ya shanye a gangara. Ka zubar da tsohon duk shekara biyu. DOT 4 ya fi jure zafi, 230, kuma yana shiga motarka. DOT 5 na silikon ne, ba ya haɗuwa da su, kada ya kusance ta. Duk bakaniken da ya ce a zuba ruwan sabulu kafin a isa gari, don Allah ka ƙi, rayukan iyalinka ne a ciki.

Ranar ɗaurawa ka tsaya a kansu. Hagu da dama tare ake canzawa. A kankare tsatsar mazaunin faifan tas, a shafa wa fil ɗin kalifa (gidan da ke riƙe fad) giris ɗinsa, kuma kada a hau kan noti da dogon fayif, don ɗaurin da bai daidaita ba yana jawo girgizar da ake ɗora wa faifai laifinta. Bayan nan ka nemi titi marar cunkoso, ka kai 60 ka rage zuwa 10 kamar sau takwas ba tare da ka tsaya cak ba, sannan ka yi tafiyar minti biyar ya huce. Kafin ka biya mai kayan, ɗauko hoton gefen faifan da bayan fad ɗin ka turo nan mu duba tare.