Tafiyarmu da Yaya a bas daga Kano zuwa Abuja

Satin da ya wuce na raka Yayana Abuja ganin likita, shi a keken guragu yake tun yana yaro da shan inna ta kama shi. Muka bi bas ɗin wani kamfani mai tashar kansa, irin waɗanda ake yankar tikiti a ofis ba ruwanka da 'yan kamasho.

Gaskiya akwai abin yabo. Mota tsaf, ta tashi a kan lokaci, mai yankar tikiti tana hango mu ta ce mu zo gaba ba sai mun bi layi ba, ta ba Yaya kujerar bakin ƙofa. Allah ya saka mata.

Amma fa wajen shiga mota nan ake yin ta. Matakala masu tsayi, ƙofa matsattsiya, ba wata gangara da za a turo keke, sai da ni da yaron mota muka ciccibe shi, ni ta hammata shi ta ƙafafu, hularsa ta faɗi ƙasa, mutane sun zuba ido ana ta sannu sannu, shi ko ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba har muka wuce Kwanar Dangora. Magidanci ne fa mai 'ya'ya huɗu, yana da shagonsa na gyaran waya. Sannan mai kula da kaya ya ce sai mun biya kuɗin keken kamar wani buhun shinkafa, na ce malam wannan ai ƙafafunsa ne, kai an taɓa cajin ka kuɗin ƙafarka? Da ƙyar manaja ya sa baki aka ƙyale.

Da aka tsaya cin abinci da sallah, ƙofar banɗaki keke ba ya shiga. Sai a nan na gane dalilin da ya sa ya ƙi shan ruwa tun asuba, wallahi wannan ya fi komai ci min rai.

Kuma ba alfarma muke roƙo ba. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya Buhari ya sa mata hannu tun Janairun 2019, ta ba da shekara 5 a gyara gine-gine da harkar sufuri, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Tarar kamfanin da ya nuna wariya naira miliyan 1 ce, hukumar kula da masu buƙata ta musamman ma tana nan tun 2020.

Maki 2 cikin 5 na ba kamfanin bas ɗin, shi ma don halin ma'aikatan ne. A dawowa shatar Sharon muka ɗauka duk da tsadarta, Yaya ya ce ba za a sake ɗaga shi a gaban jama'a ba.