Fitilar duba baki: na'urar ta yi aiki, yaron likita ya ɓata mana sati biyu

Baba ya fi shekara 30 yana cusa taba gari a kuncinsa na hagu. Kun san dattawanmu na Maradi, ƴar kwalba a aljihu, a ɗan haɗa da kanwa, a dunƙule a kumatu har la'asar. Bayan ƙaramar salla wani farin tabo ya fito masa daidai wurin, ga kuma ɗan miki a gefen harshe da ya ƙi warkewa. Ya kurkura da ruwan gishiri, ya shafa zuma, sati uku ba sauƙi. Wuƙa yake tsoro, shi ya sa ya ƙi likita. Da na ji labarin wani likitan haƙori da ke haska baki da fitila, ba yanka ba allura, da wannan na lallashe shi muka hau kabu-kabu.

Aikin kansa ba abin kushewa. An rage hasken ɗaki, aka sa wa Baba tabarau, likita ya haska shuɗin haske yana leƙawa ta wani gilashi a bayan fitilar. Ko minti biyar ba a yi ba. Har ya bar ni na leƙa: lafiyayyen nama yana ƙyalli tsanwa-tsanwa, inda naman ya canza kuwa duhu ne kamar an ɗiga tawada. Wuri biyu suka yi duhu. Baba ya sauko daga kujera yana cewa, "Shi ke nan? Ai aski ma ya fi wannan zafi." Likita ya goge kaifin wani karyayyen haƙori da ke gugar harshen, ya ce a bar taba, a dawo bayan sati biyu, ya wuce wurin wani mara lafiya.

A wurin biyan kuɗi aka yi mana ta'asar. Baba ya tambayi yaron da ke taimaka wa likita me baƙin ke nufi. Ko kai bai ɗaga ba, yana ƙirga canji, ya ce, "Baba, duk inda ya yi baƙi ai kansa ce."

Daren nan Baba bai taɓa tuwo ba. Washegari ya kira ni da yayana, ya fara lissafa mana waɗanda yake bi bashi da waɗanda ke bin sa. Inna ta shige ɗaki tana kuka. Ni kuma barci ya ƙaurace mini, na dinga bincike a waya, har na ci karo da alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya: a 2022 kusan mutum 390,000 suka kamu da ciwon dajin baki da leɓe, sama da 188,000 suka rasu. Ku ƙiyasta halin da na kwana ciki.

Da muka koma sai likita ya yi bayanin da ya kamata a yi tun ranar farko. Fitilar ba ta ganin ciwon daji, wurin da ya bambanta kawai take nunawa. Kumburi yana yin duhu, inda jini ya taru yana yi, har baƙin dasashi irin namu na halitta yana shanye hasken. Mikin harshe ya warke tunda haƙorin ya daina gugarsa, duhunsa ma ya ɓace. Na kunci yana nan, don haka aka kashe wurin da allura aka ɗebi ɗan nama aka aika Yamai. Sakamako ya dawo ba kansa ba ce, amma ƙwayoyin naman sun fara canzawa, irin wanda in aka yi sake zai iya rikiɗa. Alhamdu lillahi. A nan na yarda fitilar ta yi rana, don ita ta ja Baba zuwa likita tun abin bai yi nisa ba.

Amma duk sanda na tuna sai raina ya sake ɓaci. Zuwa na biyu ma sai da aka karɓi kuɗin fitila daban, bayan na ganin likita, kuma ba wanda ya gaya mana tun farko. Na faɗa wa likita abin da yaronsa ya yi, ya ce zai yi masa magana, iyakarta ke nan. Ba wanda ya dubi tsoho ya ce ya yi haƙuri. Mutum yana riƙe da kalma mai nauyin dutse yana jefa ta kamar ƙwallon goriba.

Baba ya jefar da kwalbar, asuwaki yake taunawa yanzu in bakinsa ya nemi abu. Za mu koma bayan wata uku a sake duba kuncin. Ya riga ya gindaya mini sharaɗi: ni zan je wurin biyan kuɗi, shi zai jira ni a waje.